Takwas, Goma ko Goma Sha Biyu: Sharhi kan Yawan Tsirkiyoyi a Kayan Kiɗan Danna-Tsirkiya

Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da suka fi ɗaure wa masu sha'awar kayan kiɗan zamani kai, musamman waɗanda ake kaɗawa ta hanyar danna tsirkiya da hannu biyu, akwai batun yawan tsirkiyoyin da ya kamata mai saye ya nema, domin masu ƙera irin waɗannan kayan suna fitar da mai tsirkiya takwas da mai goma da mai goma sha biyu, wasu ma suna haura hakan. Mutane da dama sun ɗauka cewa wannan jeri tamkar azuzuwan makaranta ne, wato ɗan koyo ya fara da takwas, idan hannunsa ya faɗa ya koma goma, sa'annan gwanaye su tsaya a kan goma sha biyu. Wasu kuma suna zaton duk tsirkiyar da aka ƙara tana faɗaɗa iyakar sautin kayan, ko ta wajen kauri ko ta wajen siranta. Duka fahimtar biyu sun saɓa wa yadda aka tsara kayan da kuma tarihin waɗanda suka yi suna da su, saboda haka ya dace a warware batun daki-daki, tun daga ma'anar kalmomi har zuwa abin da zaɓin ke jawo wa makaɗi.

Ma'anar muhimman kalmomi

A yawancin kayan kiɗa masu tsirkiya, kamar garaya da gurmi da molo da jita, hannu biyu ne ke haɗuwa su fitar da sauti ɗaya, inda ɗaya ke danne tsirkiya a wuyan kayan domin zaɓen sautin, ɗayan kuma yana kaɗa ta. A dabarar danna-tsirkiya kuwa yatsa ɗaya ne ke yin aikin biyu, domin yana sauka a kan tsirkiya da ɗan ƙarfi ya haɗa ta da ƙarfen da ke ƙarƙashinta, kuma wannan bugun shi ne ke sa ta girgiza. Ta haka kowane hannu ke samun 'yancin kaɗa nasa sashen na kiɗa, kamar yadda ake yi a piyano. Da yake sautin da ke fita ta wannan hanya ba shi da ƙarfi, ana dogaro da fikof, wato 'yar na'urar maganaɗisu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi tana mayar da girgizarsu zuwa lantarki, sa'annan amfilifaya ta ƙarfafa shi ta miƙa wa lasifika.

Allon da ake danna tsirkiya a kansa an gindaya masa siraran ƙarafa, kuma filin da ke tsakanin ƙarfe da na gabansa shi ne gaɓa. Kowace gaɓa tana ɗaga sauti da mataki mafi ƙanƙanta a tsarin kiɗan Turai, kuma gaɓa 12 ke yin oktaf ɗaya, wato nisan da ke tsakanin sauti da takwaransa mai ninkin girgizarsa. Ana kiran sautuka da haruffan boko daga A zuwa G, alamar # tana nuna an ɗaga sautin da gaɓa ɗaya, alamar ♭ kuma an sauke shi da gaɓa ɗaya. Saiti shi ne jerin sautukan da aka ɗaure tsirkiyoyi a kansu, kuma iri biyu ne suka fi yawa a wannan fage: tazarar huɗu, inda gaɓa 5 ke tsakanin tsirkiya da maƙwabciyarta, da tazarar biyar, inda gaɓa 7 ke tsakaninsu. Sunayen biyu sun samo asali ne daga ƙidayar haruffan sautuka, shi ya sa ba su yi daidai da adadin gaɓoɓin ba. Bes shi ne sauti mai kauri da ke riƙe gindin kiɗa, kari shi ne layin sautukan da kunne ke bi kamar muryar mawaƙi, kod kuma sautuka uku ne ko fiye da aka fitar lokaci guda. A ƙarshe akwai shiyya, wato rukunin tsirkiyoyin da aka ware wa aiki ɗaya, kuma galibi kowace shiyya tana da nata fikof da tata wayar fita.

Asalin lamarin

Danna tsirkiya da hannu biyu ya girmi kayan da aka ƙera dominsa, domin tun a 1952 Jimmie Webster ya wallafa littafin koyar da dabarar a Amurka, bayan ya gan ta wurin Harry DeArmond, kuma a kan jita mai tsirkiya shida suke yi. Dave Bunker ya biyo baya da kayan kiɗa mai wuya biyu, kowane hannu da nasa wuyan. Babban sauyi ya zo a watan Agusta na 1969, lokacin da Emmett Chapman, makaɗin jaz a Kalifoniya, ya ɗaga jitarsa mai tsirkiya tara ta kusa miƙewa tsaye, ya ɗora hannun dama a kan allo daga ɗaya gefen, ta yadda yatsun hannayen biyu suka riƙa gitta tsirkiyoyi suna fuskantar juna. A 1974 ya fara sayar da kayan da ya ƙera domin wannan dabara, wanda aka sani da Chapman Stick, mai tsirkiya goma da aka raba shiyya biyu, biyar na bes da biyar na kari.

Da wannan mai tsirkiya goman ne Tony Levin ya fito da kayan ga duniya, a aikinsa da mawaƙi Peter Gabriel da kuma a faifan Discipline na ƙungiyar King Crimson a 1981. Daga bisani kamfanin Chapman ya fitar da Grand Stick mai tsirkiya 12, da Stick Bass mai takwas, da NS/Stick mai takwas wanda Chapman ya tsara tare da Ned Steinberger a ƙarshen shekarun 1990. A shekarun 1990 ɗin ne kuma Mark Warr ya fara ƙera Warr Guitar, wadda ke da gangar jiki irin ta jita kuma ana samun ta daga mai takwas har mai 14. Akwai Megatar mai 12, akwai kuma U8 mai takwas wadda makaɗin Jamus Markus Reuter ya tsara. Wannan jeri ya nuna cewa goma ce ta fara shiga kasuwa, kuma mai takwas ya zo ne daga baya domin biyan buƙatar ƙwararru, ba domin sauƙaƙa wa 'yan koyo ba.

Abubuwan da ke yanke yawan tsirkiya

Abu na farko shi ne cewa tsirkiya ɗaya sauti ɗaya take bayarwa a lokaci guda. Idan hannun hagu ya danne ta a gaɓa ta uku, hannun dama kuma ya sauka a kanta a gaɓa ta goma sha biyu, sautin hannun dama kaɗai za a ji, domin shi ne ya fi kusa da fikof, kuma na hagu ya mutu nan take. Stanley Jordan, wanda ya shahara da faifan Magic Touch a 1985, ya nuna cewa ana iya kauce wa wannan karo a kan tsirkiya shida kacal, amma hakan yana buƙatar tsara kowane motsi ta yadda hannu ɗaya ba zai taka ɗaya ba. Raba tsirkiyoyi shiyya biyu shi ne maganin da Chapman ya samo, kuma da zarar an raba, dole adadin ya ƙaru, domin kowane hannu yana buƙatar abin da zai ishe shi yin kod.

Abu na biyu shi ne saiti, wanda shi ke nuna yawan filin da kowace tsirkiya ke ƙarawa. Tsirkiya biyar a tazarar huɗu suna da gaɓa 20 tsakanin ta farko da ta ƙarshe, amma biyar ɗin a tazarar biyar suna da gaɓa 28, wato fiye da oktaf biyu. Harpejji, wani kayan danna-tsirkiya da ake shimfiɗawa a kan teburi kuma Stevie Wonder ke kaɗawa, ya fito da wannan a fili, domin gaɓa biyu kacal ke tsakanin tsirkiyoyinsa, shi ya sa babban samfurinsa ke da tsirkiya 24 domin cike gaɓa 46. U8 kuwa da tsirkiya takwas tana cike gaɓa 40, saboda yawancin saitinta tazarar biyar ne. Ke nan adadin tsirkiya ba ya faɗin komai game da faɗin sauti sai an san saitin da aka ɗaure su a kai.

Abu na uku shi ne iyakar ƙarfin waya. Tsawon tsirkiyar yawancin Stick inci 34 ne ko 36, wato kimanin santimita 86 ko 91, alhali na jita galibi kimanin inci 25 da rabi ne, kuma gwargwadon tsawon waya gwargwadon jan da take buƙata kafin ta kai sauti siriri. A irin wannan tsawo, siririyar waya ba ta wuce sautin D da ke sama da C na tsakiyar piyano da yawa kafin ta tsinke. Wannan ne dalilin da ya sa saitin U8 ke tafiya B♭, F, C, G, D, A a tazarar biyar, sa'annan tsirkiya biyu na ƙarshe su matso kusa su tsaya a C da D. Ta wajen kauri ma akwai iyaka, domin C mafi kauri a Stick yana girgiza kusan sau 33 a sakan, ƙasa da E na jitar bes mai girgiza sau 41, kuma abin da ya yi ƙasa da haka sosai yakan zama gurnani marar fasali a lasifika. Saboda haka wanda ke son sauti mafi siriri, gajeren allo yake buƙata, kamar Alto Stick ko Stick Guitar masu inci 26 da rabi, kuma ƙarin tsirkiya ba zai ba shi wannan ba.

Abu na huɗu shi ne hannun ɗan Adam. A tsarin Chapman na asali hannun hagu yana ƙetare shiyyar kari ya kai ga ta bes, na dama kuma yana ƙetare ta bes ya kai ga ta kari, saboda haka duk faɗin da allo ya ƙara, miƙar yatsu tana ƙaruwa. Domin rage wannan, ana matse tsirkiyoyin mai 12 kusa da juna fiye da na mai goma, mai takwas kuma shi ya fi kowanne sarari.

Abin da tsirkiya biyu na ƙari ke kawowa

Tunda muhawarar ta fi zafi tsakanin goma da goma sha biyu, ya kamata a dubi allon da kyau. A saitin Chapman na asali, tsirkiyoyin kari daga bakin allo zuwa tsakiya su ne D, A, E, B, F#, suna sauka a tazarar huɗu, sai tsirkiya mafi kauri ta C a tsakiyar allo, daga nan G, D, A, E suna hawa a tazarar biyar zuwa ɗaya bakin. Hikimar wannan tsari ita ce gaɓa 5 da gaɓa 7 idan aka haɗa su suna ba da 12, saboda haka sauka da tazarar huɗu da hawa da tazarar biyar suna kai mutum ga harafi ɗaya, kuma siffar da yatsu suka koya a shiyya ɗaya tana aiki a ɗayar. Haka nan hannun hagu yana iya riƙe bes mai kauri da yatsa ɗaya a kusa da tsakiyar allo, sauran yatsun kuma su kama sautukan kod a siraran tsirkiyoyin bakin allo, waɗanda sun riga sun shiga filin shiyyar kari.

Akwai wani saiti sananne da aka daidaita shiyyoyin biyu su ɗauki haruffa iri ɗaya, C, G, D, A, E a kowane gefe. Idan aka mayar da shi mai 12, abin da ake ƙarawa shi ne B a ƙarshen kowace shiyya, wato B mai kauri a ƙasan shiyyar kari da B siriri a saman shiyyar bes. Sauti mafi kauri na kayan bai sauya ba, mafi siriri ma bai sauya ba, duk ƙarin ya faɗa ne a tsakiyar filin sauti, inda shiyyoyin biyu ke haɗuwa. Amfaninsa shi ne hannun dama ya samu gaɓa 5 na ƙari ta wajen kauri ba tare da ya gangara inda hannun hagu ke aiki ba, hannun hagu kuma ya samu sarari na cika kod ta sama. Abin da mai sayen 12 ke samu ke nan: yawan wuraren da zai sami sauti ɗaya, da raguwar zirga-zirgar hannu a tsawon allo.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon bayan tsirkiya takwas suna ganin kayan a matsayin fili ɗaya da hannu biyu ke tarayya a kansa, inda yatsu takwas ke haɗuwa su gina layi ɗaya mai sauri da tsabta, ko layuka biyu da ke sarƙe da juna. Hujjarsu ita ce taswira ɗaya ce mutum zai haddace, allo bai yi faɗi ba, kuma sararin da ke tsakanin tsirkiyoyi yana ba da damar wasu dabaru. NS/Stick misali ne, domin an ɗaure shi a tazarar huɗu daga B mai kauri kamar jitar bes mai tsirkiya shida da aka ƙara wa biyu, kuma ana iya kaɗa shi da yatsa ko a mare shi da babban yatsa ko a danna shi. Masu sukar wannan ra'ayi suna cewa karon hannuwa yana nan, kuma wanda ke son riƙe bes da kod da kari shi kaɗai zai sha wahalar tsarawa.

Masu tsayawa a kan goma suna kafa hujja da daidaito, domin allon ya ba hannu damar kaiwa ko'ina ba tare da murɗa wuyan hannu ba, ido yana saurin gane tsirkiya biyar a kowane gefe, kuma a kan wannan adadi aka gina dabarar tun farko. Suna ƙarawa da cewa ƙarancin da ake zargin goma da shi ana magance shi da sauya saiti, kamar sauke shiyyar kari gaba ɗaya da tazarar huɗu ta fara daga A maimakon D ga mai son murya mai kauri. Har ma akwai samfurin da aka ɗora tsirkiya goma a kan faffaɗan allon mai 12 domin masu manyan yatsu, abin da ke nuna cewa wasu sarari suke nema fiye da adadi.

Masu son goma sha biyu galibi waɗanda ke kiɗa su kaɗai ne, ko masu ɗauko kiɗan piyano da na jaz mai cikakkun kod su mayar kan allo. A ganinsu sauya saiti yana toshe wani gibi ne ya buɗe wani, domin wanda ya sauke shiyyar kari ya rasa siraran sautuka, alhali tsirkiya shida suna haɗa ɓangarorin biyu. Akwai kuma wata hujja ta daban, wato masu ɗaure shiyyar bes a tazarar huɗu kamar jitar bes, irin tsarin da aka san Megatar da shi, suna buƙatar shida, domin biyar a tazarar huɗu gaɓa 20 kawai suke bayarwa, wanda ya yi wa hannun hagu kaɗan idan zai haɗa bes da kod. Abin da ya haura 12 kuwa ya fi zama na masu buƙata ta musamman, saboda faɗin allo da nauyi suna kaiwa inda jiki ke ƙosawa.

Tarihin Trey Gunn, wanda ya kasance cikin King Crimson daga 1994 zuwa 2003, ya isa ya sassauta wannan jayayya, domin ya fara da Stick, ya koma Warr Guitar, kuma ya yi aiki da mai 12 da mai takwas da mai goma a lokuta daban-daban gwargwadon kiɗan da ke gabansa.

Tasirin zaɓin ga makaɗi

Ta fuskar koyo, abin da ya fi wahalar sauyawa shi ne saiti da rabon shiyya. Wanda ya saba da goma ya koma goma sha biyu a saiti iri ɗaya yana tafiya da duk siffofin da ya haddace, sai dai yatsunsa su saba da matsin tsirkiyoyi, amma wanda ya tashi daga shiyya ɗaya zuwa biyu, ko daga tazarar huɗu zuwa bes mai tazarar biyar da aka juya, kusan sabon karatu zai fara. Saboda haka shawarar farawa da takwas domin a ƙarasa a goma sha biyu tana iya sa mutum ya koyi abu biyu mabambanta yana zaton abu ɗaya yake hawa.

Ta fuskar tsabtar sauti, kowace tsirkiya da aka ƙara wata kafa ce ta hayaniya, domin an saukar da tsirkiyoyi dab da ƙarafa kuma taɓawa kaɗan tana sa su magana. Ana sanya ƙyalle mai laushi a saman allo domin kashe girgizar waɗanda ba a danna ba, duk da haka yatsan da ya kauce a matsattsen allo sai an ji shi. Ta fuskar aiki cikin ƙungiya kuma, wanda ke tare da mai jita da mai piyano ba kasafai yake buƙatar tsakiyar fili ba, domin su ne ke cike shi, alhali nan ne tsirkiya biyu na ƙari ke aiki, kuma wannan tsakiyar ita ce wadda mai kiɗa shi kaɗai ya fi buƙata.

Akwai kuma batun kuɗi da kulawa. Yawancin waɗannan kaya ƙananan kamfanoni ne ke ƙera su a Amurka da Turai, sau da yawa sai an yi oda an jira, kuma ba a cika samun su a shagunan kayan kiɗa ba balle a gwada kafin a saya. Tsirkiyoyinsu ma rukuni ne na musamman da aka auna kaurin kowace domin saitinta, don haka wanda ke zaune nesa da inda ake ƙera su ya kamata ya lissafa kuɗin aiko da su duk lokacin da za a sauya. Hanya mafi arha ta gwaji ita ce a ɗauki jitar lantarki ta yau da kullum, a saukar da tsirkiyoyinta, a ɗaure su duka a tazarar huɗu kamar yadda Jordan ke yi, wato E, A, D, G, C, F, a ɗaura ƙyalle a saman wuyanta, sa'annan a yi ta danna-tsirkiya na ɗan lokaci. Idan hannuwa suna ta karo domin kowanne na son tafiya tasa, shiyya biyu ake buƙata, idan kuwa suna son haɗuwa a kan layi ɗaya, shiyya ɗaya ta isa.

Kammalawa

Abin da bayanan nan suka tabbatar shi ne cewa yawan tsirkiya sakamako ne na wasu shawarwari da suka gabace shi. Makaɗi zai fara tantance aikin da zai riƙa yi, ko riƙe bes da layuka cikin ƙungiya ko ɗaukar kiɗa gaba ɗaya shi kaɗai, daga nan ya yanke ko shiyya ɗaya yake so ko biyu, sa'annan ya zaɓi saiti, ya kuma auna faɗin hannunsa. Mai son shiyya ɗaya ko mai fitowa daga jitar bes yana son riƙe dabarunsa, takwas ta dace da shi. Mai son shiyya biyu da bes a tazarar biyar, goma ta wadatar da shi a mafi yawan kiɗa. Mai kiɗa shi kaɗai da cikakkun kod, ko mai son tazarar huɗu a shiyyoyin biyu, shi ne ke da hujjar neman goma sha biyu. Duk wanda ya bi wannan jeri kafin ya biya kuɗi, zai tarar adadin ya fito da kansa.